Ganin Farkon da Inna Ta Adana

Aikina a shagon nan goge gumin goshin mutane ne. A takardar ɗaukar aiki an rubuta wani dogon Turanci da ni kaina ban taɓa iya faɗinsa daidai ba, don a aji uku na bar sakandare. Abin da dai nake yi daga buɗewa zuwa tashi shi ne in ɗaura wa mutum tabarau a ka, in ja maɗauri, in tsaya bayansa kada ya kife, in ya gama in cire in goge da tsumma, in ɗaura wa na gaba. Na haura hamsin, da furfura a gemuna, ina goge gumin 'ya'yan manya.

Tabarau muke ce masa, ko da yake bai yi kama da na ido ba. Wani farin akwati ne mai nauyi da ake rufe rabin fuska da shi. In an kunna, ɗakin da kake ciki sai ya ɓace, ka tsinci kanka a ƙarƙashin teku, ko a bakin dogon bene, ko cikin motar tsere. Ka juya hagu ka ga hagun wurin, ka ɗaga kai ka ga samansa. Na ga ƙaton mutum da babbar riga ya rungume ƙafata yana kiran uwarsa saboda wai zai faɗo daga sama, alhali a kan tayil yake tsaye.

Shagon yana hawa na biyu a wani ginin kasuwanci da ke kusa da tafkin Jabi. Mai shi ɗan daraktan da na yi wa tuƙi ne a ma'aikata shekara da shekaru. Ni na riƙa kai shi firamare, ni na riƙa share masa majina a bayan mota. Uban ya yi ritaya, aikina ya tafi tare da shi, ɗan ya dawo daga karatu a waje ya buɗe wannan wuri ya ce in zo. Yanzu oga nake ce masa, shi kuma ya ce min Baba direba, ko da yake babu motar da nake ja. Ta ukunmu wata mata ce 'yar Filato da ke zama a bayan tebur tana ba da tikiti.

Kowace safiya oga sai ya karanto mana labari daga wayarsa, ko mun tambaya ko ba mu tambaya ba.

"Baba direba, ka ji? Wani ƙaton kamfani a Amurka har sunansa ya canza saboda wannan abin. Nan gaba ba mai zuwa ofis. Likita a ciki zai koyi fiɗa. Kai, har fili ake sayarwa a ciki."

"Fili?" na ce. "Oga, a Lugbe wanda ake takawa da ƙafa ma mutum uku ake sayar wa, balle wanda ba a takawa."

'Yar Filato ta yi dariya har da buga tebur. Oga ya ce matsalarmu ke nan a ƙasar nan, ba ma hangen gaba. Ni gaban da nake hange shi ne motar da zan samu zuwa Lugbe kafin ruwa ya sauko.

A Lugbe nake zaune, ɗaki biyu da baranda, da matata da Inna, mahaifiyata. Na ɗauko ta daga ƙauye bayan rasuwar babanmu. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" take ce min, in tana magana da wani kuma ta ce "mai gidan nan". Haka na tashi, ban taɓa jin abin a raina ba.

Inna tana da wani hali da duk danginmu suka sani. Tun tana yarinya ta ji mahaifinta ya ce addu'ar da mutum ya yi a ganinsa na farko da Ka'aba ba a mayar da ita. Mutane da yawa sun ji wannan magana, suka wuce. Ita ta riƙe ta da hannu biyu. Ta yanke wa kanta cewa idonta ba zai sauka a kan Ɗakin Allah ba, ko a hoto, sai ranar da ta tsaya a gabansa. Ba ta sallah a kan dadduma mai zane, buzu take shimfiɗawa. Kalanda in aka kawo gidanmu sai an duba mata tukun, in da hoton Makka a juya ta ga bango. Lokacin aikin Hajji in an kunna talabijin, ta ja mayafi ta fita tsakar gida. Ina tuna wata 'yar kyamarar roba da alhazai ke kawowa tsaraba muna yara, wadda ake leƙawa ana latsawa hotuna suna wucewa. Duk unguwa an yi layi an leƙa, har tsofaffi. Inna ta sa hannu biyu a baya ta ce a kai kasuwa.

Akwai addu'a guda da ta adana don wannan rana. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. In an tsokane ta sai ta ce, "Mai ita ya san da ita." Ta sayi farin zane ta ninke a ƙasan akwati tun ina saurayi. Kujerar Makka kuwa, duk shekarar da muka ce mun matso, sai ta ƙara gaba.

Sai idonta ya fara. Ta riƙa tuntuɓe da buta, tana cin karo da bakin ƙofa. Na kai ta asibitin ido, likita ya ja ni gefe ya ce ruwan cikin idon ne ya yi ƙarfi yana cinye jijiyar gani, daga gefe yake ci yana shigowa tsakiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya ba da maganin ɗigawa ya ce zai rage gudu. Na tambaye shi saura yaushe. Ya ce ba zai iya cewa ba, amma kada in yi dogon buri. Ban gaya wa Inna ba.

A daidai lokacin kasuwar shago ta fara sanyi. Yara sun gaji da teku da aljanu. Oga ya zo da sabuwar dabara, ya sayi wani shiri na Makka ya zuba a tabarau, don maniyyata su zo su koyi ɗawafi kafin su tashi. Suka fara zuwa, ma'aikatan gwamnati da matansu, wasu zuwansu na uku ke nan ko na huɗu. Wani ya cire tabarau ya miƙo min yana cewa, "Wallahi wannan ya fi sauƙi, babu turereniya." Na karɓa na goge.

Wata safiya kafin a buɗe na ɗaura wa kaina. Ba zan yi ƙarya ba, abin ya kama ni. Farin dutse shimfiɗe har inda ido ya tsaya, mutane cikin harami suna wucewa ta gefena, Labbaika tana tashi ta ko'ina, ga Ɗakin a tsaye baƙi wuluk da ɗamarar zinariya. Tsuntsaye suna kewaya sama. Ban san lokacin da na tuɓe takalmi ba. Muryar 'yar Filato ce ta dawo da ni.

"Baba, ka tafi Makka ba biza? Sa takalminka, kwastoma yana hawowa. Kai, kuka kake yi?"

Na ce mata gumi ne.

Daga ranar tunanin ya zauna min. Inna ta tsare idonta shekara sittin saboda kallo ɗaya, ga idon yana tafiya, ga kujera ba ta zuwa, ga ni ina ɗaura wa waɗanda suka gani har suka gaji. Na gaya wa matata abin da nake shirin yi.

"Ka san halinta," ta ce. "Ka tambaye ta tukun."

"In na tambaye ta ba za ta yarda ba."

"To ai ka ba kanka amsa."

Na ce mata ita ba ta ji abin da likita ya ce ba. Ta ce ta ji, ni na gaya mata. Na ce to ta yi min shiru. Ni a lissafina gata zan yi wa uwata. Na ɗauka in ta gani zuciyarta za ta narke kamar yadda tawa ta yi, ta yi addu'arta, daga baya ta yi min faɗa kaɗan ta sa min albarka.

Ranar Litinin ba ma buɗewa. Na roƙi oga aron guda ɗaya, ya ce in kula da shi kamar ƙwai. Da hantsi na same ta a baranda zaune kan tabarma, tana tsinke zogale a faranti, ga albasa da ta yanka a gefe, goro a bakinta.

"Inna, asibiti suka ba ni aron wannan. Na gwajin ido ne."

"Wannan ƙaton? Su likitocin nan ba sa gajiya da wahalar da mutum." Ta goge hannu a zane ta miƙo fuska. "Yi maza, ina da aiki."

Na ɗaura mata. Hannuna ya saba, na ja maɗaurin ya kama tsam kamar yadda nake yi wa masu tseren mota. Na kunna.

Bakinta ya daina taunar goro. Na ga reshen zogale ya zame daga yatsunta. Ta ɗaga kai a hankali, kamar mai bin doguwar bishiya da ido. Sai sautin ya tashi, har mu da ke waje muna jiyo shi ƙasa-ƙasa. Nan ta gane. Ta kai hannu biyu tana yaƙushin maɗauri, abin ya ƙi fita, ta tura faranti da ƙafa zogale ya watse.

"Allah ya isa!" ta ce, da wata murya da ban santa da ita ba. "Allah ya isa tsakanina da wanda ya yi min wannan!"

Matata ta saki salati daga bakin kicin. Na fizge tabarau. Inna ta zauna tana haki, shatin abin ya fito mata a goshi da kumatu. Ta tofar da goron a tafin hannunta ta tsaya tana kallonsa.

"Da goro a bakina," ta ce. "Ba alwala. Hannuna yana warin albasa."

Ta dafa bango ta miƙe ta shige ɗaki.

Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Na durƙusa a bakin ƙofarta safe da yamma, na ba da haƙuri, na gaya mata maganar likita don ta san dalili. Ko tari ba ta yi ba. Na ɗauka fushi ne. A rana ta huɗu bayan na dawo daga masallacin asuba ta ce, "Kai, shigo."

Tana zaune kan buzu, carbi a hannu amma ba ta jansa.

"Lokacin da na yi maganar nan, idona a buɗe yake ko a rufe?"

"Ban sani ba, Inna. Abin ya rufe miki fuska."

"A buɗe yake. Ina kallon ƙofar nan mai zinariya na faɗa."

Sai a lokacin na fahimci abin da ya hana ta magana. Fushin ya wuce tun ranar farko, tsoro ne ya maye gurbinsa. In wancan shi ne ganinta na farko, to maganar da ta fito daga bakinta a lokacin ita ce addu'ar da ba a mayarwa. Kuma abin da ya fito Allah ya isa ne a kan ɗanta.

"Na yafe maka," ta ce. "Duniya da lahira na yafe. Amma ta riga ta tafi."

Na ɗauko mata limamin unguwarmu, dattijo mai haƙuri. Ya zauna a baranda aka kawo masa ruwa, ya yi mata bayani dalla-dalla. Ya ce hoto hoto ne, ko a takarda ko a talabijin ko a wannan abin. Ya ce Ɗakin yana inda yake, ganinta na farko yana nan bai taɓu ba. Ya ce ko da ma a can ta faɗa, uwa in ta yafe magana ta ƙare, Allah ya fi ta tausayin ɗanta. Ta saurare shi har ya gama.

"Malam, ka taɓa sa abin nan?"

"A'a, Hajiya, ban taɓa ba."

"Kada ka ce min Hajiya, ban je ba. Ni na sa. Na waiga na ga mutane a bayana. Hoto yana da baya?"

Liman ya sha ruwansa, ya yi mana addu'a, ya tafi.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ya lafa. Sai labaran oga suka fara canzawa. Ya daina karanto mana su da murya, sai dai in ji shi a waya da abokansa. Wai manyan kamfanonin sun zuba dukiya abin bai kama ba, suna ta sallamar ma'aikata. Wai masu kuɗin duniya sun juya wa tabarau baya, sun koma kan wata na'ura da ke amsa tambaya kamar mutum. Wai yanzu siririn gilashi ake yayi, irin na malaman makaranta, wanda ba ya rufe maka duniya, sai dai ya ɗora rubutu da hoto a kan abin da idonka ke gani. Namu sun zama tsohon yayi tun ba su tsufa ba. Muka riƙa wuni ni da 'yar Filato muna kallon tafki ta taga.

"Baba, goge su mana," ta kan ce. "Ko ƙura ne, a ce kana aiki."

Ba a jima ba oga ya tara mu ya ce zai rufe, zai koma waje ƙarin karatu a kan sabon abin da ake yayi. Ya rungume ni ya ce, "Baba direba, mun zo da wuri ne kawai, ƙasar ba ta shirya ba." Shi ya zo da wuri ya hau jirgi. Ni na hau motar Lugbe.

Da na gaya wa Inna, ta sa hannu a ka.

"Bakina ne."

"Inna, wane baki? Kasuwa ce ta mutu. Turawan da suka ƙera abin ma korarsu ake yi a ƙasarsu. Su ma ke kika yi musu?"

"Cewa na yi wanda ya yi min wannan. Su ba su da hannu a ciki?"

Matata ta toshe baki ta fita, ban sani ba dariya ce ko kuka.

Bayan wata biyu keke ya kifar da ni a mahaɗar Lugbe ina yawon neman aiki, na karye a wuyan hannu. Bakinta ne. Rufin ɗakinmu ya fara yoyo. Bakinta ne. Ko zazzaɓi na yi sai ta zo ta lalubo goshina tana cewa astagfirullah. Ta rage cin abinci, ta rame, zanenta ya riƙa zagaye ta sau biyu. Idon kuma ya ci gaba da tafiya, har ya zama in na tsaya a gabanta sai na yi magana take sanin ni ne. Maganar addu'ar da ta adana ba ta sake tayar da ita ba. Ta daina tambayar kujera. Abu ɗaya ya rage mata a rai.

"Ka dawo min da abin nan," ta ce wata rana. "A gaban Ɗakin na faɗa, a gabansa zan janye. Ka yi sauri tun ina ganin haske."

Na je gidan tsohon darakta. Bai fito ba, ta waya ya gaya wa mai gadi a buɗe min sito in ɗauki duk tabarau ɗin da nake so, ko duka ma. Suna jibge a kwali a bayan janareta, ruwan sama ya taɓa wasu. Abin da aka ce in riƙe kamar ƙwai. Na zaɓi mai ɗan kyau na kai wa wani mai gyaran waya a kasuwar Lugbe. Ya yi caji ya kunna, ya kama. Na ɗaura a kaina. Babu Makka, babu teku. Wani fili ne toka-toka ba sama ba ƙasa, da allo a tsaye a tsakiya yana neman lambar sirrin oga.

Na aika wa oga saƙo. Sai bayan mako ya amsa. Ya ce ya manta lambar, kuma ko ya tuna ba amfani, mutanen da suka yi shirin Makkan sun rufe, an sauke shi gaba ɗaya. Ya ƙara da gaisuwa ga Inna. Mai gyara ya yi kwana uku yana fama, ya miƙo min ya ce, "Baba, wannan sai dai ado." Na bi gari da karyayyen hannu ina cigiyar wani shagon irin namu. Na samu guda ɗaya da ya rage, aljanu da tseren mota kawai suke da su.

Kullum in na shigo gida tambayarta ɗaya ce, "An samu?" Na ce ana gyara. Na ce saura kaɗan. Wata safiya na ga ta ɗaga kofi ba ta iya kai shi baki ba sai da matata ta tallafa mata. Da ta tambaye ni, na ce an samu.

Ita ta zaɓi ranar Juma'a. Ta tashi da azumi duk da mun hana ta. Ta yi wanka, ta sa aka ciro farin zanen nan daga ƙasan akwati, ya yi rawaya a bakin ninki, yana warin kafur. Ta yi alwala a hankali, gaɓa bayan gaɓa. Tun jajibirin ranar ba ta taɓa goro ba. Muka fito da ita baranda da hantsi, ta ce a tsaye za ta yi, na riƙe ta. Matata ta tsaya a bayanta da waya a hannu, mun nemo sautin Labbaika mun ajiye. Matar tawa ba ta so ba, sai da na roƙe ta.

Na ɗaura wa Inna tabarau, wannan karon sako-sako. Na kunna. Matata ta latsa waya ta kawo ta kusa da kunnenta.

Inna ta juya kai hagu da dama.

"Haske kawai nake gani," ta ce. "Idona ne ko abin ne?"

Matata ta kalle ni. Na kawar da kai.

"Idonki ne, Inna. Ɗakin yana gabanki."

"Ina ƙofar?"

Na kama kafaɗunta na juya ta ta fuskanci alƙibla, wajen katangar maƙwabcinmu da tankin ruwansa. Wannan kaɗai ne gaskiyar da na iya ba ta.

"Nan."

Ta ɗaga hannu. Ta yi yabo ta yi salati. Sai ta ce, "Ya Ubangijin wannan Ɗaki, na zo nan na yi magana cikin fushi a kan ɗana." Ta tsaya. Na ji kafaɗarta ta ƙame a hannuna. Sai ta faɗi sunana. Ta faɗa cikakke, ta haɗa da na babanmu, ta maimaita sau uku kada a yi kuskuren mutum. Ranar ce kaɗai na ji sunana a bakinta. Ta ce ta janye, ta ce ba ta bina komai, ta ce alheri ya nufa wauta ta sha kansa, tun yana ƙarami haka yake. Ta roƙa a warware abin da bakinta ya ƙulla.

Ta sauke hannu ta shafa a kan tabarau, don nan fuskarta take.

"Cire."

"Inna, waccan fa? Wadda kika adana. Ga ki a tsaye, ki yi ta mana."

"Waccan ta ganin farko ce," ta ce. "Ganin farko ya wuce. Cire, ƙafata ta gaji."

Na cire. Na leƙa ciki kafin in kashe. Filin toka yana nan, allon yana nan yana jiran lamba.

Ta sha ruwa da magariba ta ci tuwo sosai, rabon da ta ci haka tun kafin a rufe shago. Daga ranar ba ta sake cewa bakinta ne ba. Da na samu aikin tuƙi wajen wani mai sayar da kayan mota a kasuwar Apo, ta ce, "Ka gani?" Na ce na gani. Ta rasu cikin daminar da ta biyo baya, hankalinta kwance. Addu'ar ta tafi da ita, har yau ban san ko ta wa ce ba. Wani lokaci ina cewa ta babanmu ce, wani lokaci ta wani ƙanina da ya rasu yana goye. Wani lokaci ina jin tsoron tawa ce.

A Apo masu shaguna suna yawan nuna wa juna waya in ciniki ya yi sanyi. Kwanaki wani ya nuna min sabon gilashin da aka fitar, wai makanike zai sa ya kalli inji ya ga sunan kowane ƙarfe a rubuce a kai. Ya ce, "Baba, an ce ka taɓa aiki da irin wannan, yaya yake?" Na ce masa nauyi gare shi, yana sa gumi.

Tabarau yana nan a ƙasan akwatin Inna, inda farin zanen yake a da. Matata ta ce in jefar, na ƙi. Ta san abin da ke damuna, don ta gan ni ranar da tayar motar Apo ta fashe da ni a hanyar filin jirgi, na dawo na zauna a baranda ina kallon ƙofar ɗakin Inna. Kaina ya yarda da maganar liman tun ranar da ya faɗe ta. Amma ni na ɗaura abin sau biyu, na san abin da ke ciki a karo na farko, na san abin da ke ciki a na biyu.

"Kai ma ka zama ita," matata ta ce. "Ta yafe maka da bakinta, da sunanka. Ko bango ta kalla, ai Allah ya ji."

Na ce na san ya ji. Ya ji ta farkon ma.